Karin Guga a Rigar Dalma

Taubashina ya yi shekara talatin da 'yan kai yana bugu. Duk wanda ya tashi cikin birnin Katsina ya san sana'ar: a wanke shadda, a ba ta sitati, a shimfiɗa bisa gungumen icce, mutum biyu su sa ta tsakiya su yi ta sauke mata guduma har ta ɗauki ƙyalli. Amma shi ba a bugun ya yi suna ba, a ninki ne. In ya ninke maka babbar riga, ko wata uku ta yi cikin akwati, ranar da ka warware ta za ka iske kari tsaye kamar da rula aka ja shi. Akwai alhazan da ba su yarda kowa ya taɓa masu kaya sai shi.

Sai kafaɗa ta ce ta gaji. Guduma ta gagare shi ɗagawa, ya koma ƙofar gida yana amsa gaisuwar masu wucewa, sana'ar da ba ta taɓa ciyar da kowa ba. Ɗan kawuna ne, ya girme ni da shekara shida, kuma tun muna yara yake ce mani bawansa, don ni ɗan mace ne shi ɗan namiji. Ni kuma Tsoho nake ce mashi tun bai kai ashirin ba.

Ni direba ne. Na daɗe ina jan babbar mota: shanu zuwa Legas da Fatakwal, goro daga Kumasi, gishiri daga Agadas, na kwana Injamena ya fi a ƙirga. Da gwiwa ta fara magana sai na sauka, na koma jan a-kori-kura ta wani ƙaramin asibitin dabbobi can wajen Ƙofar Kaura. Mai asibitin likita ce, matashiya, sa'ar ɗiyata ta fari, ba ta da yawan magana amma ba ta manta abin da aka ce. Da na ji tana neman mai shara da riƙe dabbobi, sai na kai mata Tsoho.

Ta dube shi, ta dubi kafaɗar da yake lallaɓawa, ta ce, "Alhaji, zai iya kuwa?"

Na ce, "Likita, mutumin nan in kika ba shi amanar abu, sai abin ya gaji da shi."

Ta ce, "To. In aka samu matsala kai zan tambaya."

Ni da shi duka mun san wannan ne aiki na ƙarshe da wani zai ba shi a duniya. Yana da mata da 'yan mata biyu a makaranta. Ya riƙe aikin da hannu biyu. Kafin wata guda, ɗakin da awaki ke kwana ya fi falon wasu mutane tsabta.

Ana nan sai Likita ta sayo injin hoton ƙashi. Aka ware mashi ɗaki, aka sa ƙofa mai nauyi da jar fitila a samanta. Ta tara mu, mu biyu, ta yi mana karatu. Ta ce injin yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, yana ratsa nama ya nuna ƙashi, kuma jikin mutum ba ya mantawa da shi, tara shi yake yi a hankali. Dabbar da aka kawo sau ɗaya ba ta da matsala, mai riƙe dabba kullum shi ne abin ji. Don haka ba mai tsayawa a ɗakin sai da rigar kariya. Ta fiddo su guda biyu, shuɗɗa, ba hannu, kamar binjima da aka yanke. Na ɗaga ɗaya sai da na yi nishi. Ta ce dalma ce a ciki, an haɗa ta da roba an shimfiɗa, ita ke tare hasken. Ga safar hannu masu kauri, ga wani abin ɗaurawa a maƙogwaro, ga kuma ɗan baji kamar akwatin ashana da ake maƙalawa ƙarƙashin rigar. Shi bajin ba ya kare komai, shaida ne kawai: duk bayan 'yan watanni a aika shi inda ake karantawa, ya faɗi yawan hasken da ya kai jikin mutum.

Ta ida bayani, ta rataye rigunan a wasu ƙartin hanga da aka kafa a bango. Ta gaya mana komai ranar nan. Abu ɗaya ta bari, don bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa akwai mai hankalin da zai aikata shi.

Kwana uku Tsoho yana kallon rigunan nan yana tsaki. Ran na huɗu, bayan Likita ta tashi da la'asar, ya kira ni ɗakin.

"Bawana, zo ka gani. Haka za su riƙa kwana?"

Na ce, "Su wa?"

"Rigunan mana. Tufa mai daraja irin wannan a bar ta a bango, tsaka ta bi ta kai, ƙura ta hau. Ko rigar ɗan dako ba a yi mata haka."

Da na ce mashi ya bar su yadda ya gan su, da labarin ya ƙare nan. Amma mutum ya yi tafiya, ya ga duniya, a tambaye shi abu ya ce bai sani ba? Na gyara tsayuwa na ce ai na san rigunan nan tun a Kumasi, lokacin da na karye a idon sawu aka yi mani hoto. Can ma haka na gan su rataye, kamar fatu a majema. Na ce, "Su mutanen can ba su san darajar tufa ba. Sakaci ne kawai, Likita ma a makaranta ta kwaso shi."

Ya ce, "Na faɗa."

Washegari ya zo da akwatin ƙarfe daga gida, wanda matarsa ke aje zannuwa, da ƙwayoyin kafur a ƙulle cikin tsumma. Ya goge rigar farko da ɗanyen ƙyalle, ya shimfiɗa ta bisa tebur, ya kawo gefen dama tsakiya, ya ɗora na hagu, ya karya ta uku daga ƙasa zuwa sama, sannan ya lanƙwasa kafaɗun ciki a karkace, wanda shi ne hatiminsa, ba mai yin haka a duk garin sai shi. Yana ɗaga hannu rigar ta buɗe. Ya sake, ta sake buɗewa.

Ya ce, "Wannan tana da taurin kai. Ba ta ɗaukar kari."

A nan ma aka sake ba ni damar yin shiru, ban yi amfani da ita ba. Ina da tsohon batir na babbar mota a bayan a-kori-kura, wanda mutum ɗaya ba ya ɗauka sai ya tuna iyayensa. Na kawo shi da wani guntun katako. Muka ninke rigunan, muka sa a akwati, katako bisa su, batir bisa katako. Da safe da muka ɗaga, kari ya zauna. Tsoho ya shafa shi da yatsa, ya dube ni ya ce, "Ashe bawa ma yana da rana."

Daga ran nan abin ya zama ƙa'ida. Likita na fita ya sauke su, ya goge, ya ninke, mu ɗora batir. Da safe kafin ta iso ya fiddo su ya kakkaɓe ya mayar bisa hanga, nauyinsu ya ja su su miƙe. Ba ɓoyewa yake ba. A wurinsa irin aikin da ba a faɗa ne, kamar sharar bayan ƙofa, mai gida ya ga wuri fes bai san lokacin da aka yi ba. Likita har yabawa ta yi. Ta ce ta yi aiki wurare da yawa, ba ta taɓa ganin rigar dalma mai ƙamshi ba. Tsoho ya sunkuyar da kai, ni kuwa na amshi yabon a madadinsa.

Aiki ya yi ta tafiya. Raguna masu karaya, awakin da suka haɗiyi ƙusa, karnukan farauta, har wata kyanwa da ta faɗo daga bene. Tsoho ne mai riƙewa, Likita na saita injin, kowa da rigarsa. Ya zama mai tsaron ƙofa kuma, ba sani ba sabo. Na ga ranar da wani Bafillace ya kawo ɗan maraƙi, ya ce ba inda za shi, ƙafarsa ƙafar maraƙinsa. Tsoho ya ce mashi, "Malam, riga biyu ce a ɗakin nan, kuma duk da masu su. Ka fita, in mun cinye shi za mu rage maka kai." Mutumin ya fita yana waige.

Wajen wata shida da zuwan injin, wata Asabar da ba mutane, Likita ta ce yau rigunan za a yi wa hoto. Haka ƙa'ida take, a riƙa duba su lokaci-lokaci ko sun samu rauni a ciki, don daga waje ba a ganewa. Ta shimfiɗa ta farko bisa teburin, muka fita duka, ta danna daga bayan ƙofa. Muka taru gaban kwamfuta. Tana cewa in rigar lafiya take za mu ga fari tas, duk inda baƙi ya fito to haske ya ratsa, sai hoton ya bayyana.

Layi biyu baƙaƙe daga sama har ƙasa. Biyu a gicciye. Sai wasu gajeru biyu a karkace, daidai kafaɗu. A miƙe suke, ba karkata ko ta gashi ɗaya.

Ta shimfiɗa riga ta biyu. Kamar an kwafa.

Likita ta matso da fuskarta kusa da hoton. Sannan ta ce, "Dalmar ta tsage. Duka biyun, wuri ɗaya. Wannan daga masana'anta ne, haka aka sayar mani da su." Ta ce an rufe ɗakin hoto sai an samu wasu, za ta cire bajinta da na Tsoho ta aika a karanta, kuma ran Litinin za ta rubuta wa kamfanin da ya kawo su takardar da ba za su manta ba. Muryarta ba ta tashi ba, amma na ga ta ɗora hannu a ƙirjinta, daidai inda layin ya bi.

Ban dubi Tsoho ba, shi ma bai dube ni ba. Sai da ta tafi, muna zaune bisa benci a gindin dalbejiyar ƙofar asibitin, ya ce, "Ka ga kafaɗun?"

Na ce, "Na gani."

"Ninkina ne."

Na ce, "Tsoho, saurara. Na tsallaka iyakar ƙasa ta fi sau ɗari. Abin da na koya shi ne, in ma'aikaci bai tambaye ka ba, kada ka taimaka mashi. Ta ce masana'anta ce. Masana'anta tana can wata ƙasa, ba ta da 'yan mata biyu a makaranta. Sabbi za su zo, ka bar su a bango, akwati ya koma gida, batir ya koma mota. Wa aka cuta?"

Ya murza tafin hannunsa. Ya ce, "Shi hasken nan da ya shiga ta tsagar, yana fita?"

"Ta ce ba ya fita."

"Ko da magani?"

"Ban sani ba."

Ya ce, "Yau kuma ba ka sani ba. Ba ka gani a Kumasi ba?"

Ya ce shi bai damu da nasa jikin ba, ya riga ya ci rabonsa. Amma yarinyar nan wata shida tana sa riga da hannunsa ya ɓata, tana gode mashi. Kuma yanzu za ta ɗora wa wasu mutane laifi a rubuce, da sa hannunta. Na ce ya yi tunani zuwa Litinin. Ya ce zai yi.

Ran Litinin na iso na iske ya riga ni. Akwatin ƙarfen yana tsakiyar ofishin Likita. Ta shigo, suka gaisa yadda suka saba, ya tambayi gida da mai gida da gajiyar mako, bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya ce, "Likita, kafin ki rubuta takardar nan, ina so ki ga wani abu."

Ya ɗauko riga ɗaya ya shimfiɗa bisa teburinta. Dama zuwa tsakiya, hagu bisa dama, kashi uku, kafaɗu a karkace. Wannan karon rigar ba ta yi gardama ba, ta kwanta lamo, ta riga ta saba. Ya ja da baya ya tsaya.

Ta dubi rigar, ta dubi akwatin. Ta ce, "Baba, tun yaushe?"

"Tun satin da suka zo. Kullum."

"Wa ya ce ka yi?"

"Ba kowa. Ni na ga bai dace su kwana a bango ba."

Ina bakin ƙofa ina nazarin makullin mota kamar ranar na fara ganinsa. Ta taɓa karin da yatsa, ta ce, "Hannu kaɗai ba zai yi wannan ba. Da me kake danne su?"

Tsoho ya ce, "Da wani abu mai nauyi."

"Wane abu?"

Mutumin da ya shekara hamsin yana neman inda zai kunyata ni gaban jama'a, ga dama ta zo har gida, ya tsaya yana kallon silin. Sai na ji bakina yana cewa, "Batir ne, Likita. Nawa ne. Ni na kawo, ni kuma na ce mashi rataye su sakaci ne."

Ta ce, "Kai da ka ga duniya."

Na ce, "Ni ɗin."

Ta zauna. Ta ce ita ma da nata, don ba ta faɗa mana ba a ninke su ba, ba a ma jingine su a kujera. Amma ta ce akwai abin da ya fi wannan: an yi wata shida ana taɓa kayan kariya a asibitinta ba ta sani ba. Ta ce wa Tsoho ya ba ta makullin ɗakin hoto, ya je gida ya jira. Karatun baji na baya ya fito lafiya, sai dai ba wanda ya san lokacin da tsagar ta buɗe. In wannan ya dawo da mugun labari, dole ta kai rahoto sama, kuma ba za ta iya riƙe shi ba. In ya dawo da sauƙi, za ta yi tunani. Ni kuwa ta ce in ci gaba da tuƙi, tunda a nan ba a taɓa kama ni da ba da shawara ba.

Sati uku aka yi. Kullum in na tashi aiki sai na bi ta gidansa, in iske shi a ƙofar zaure inda na ɗauko shi. Ba ya tambayata aikin. Tambayarsa ɗaya ce: "Ya jikin Likita?" In ce lafiya lau take, ai ba ciwo ne da ke nunawa yau ko gobe ba. Ya ce, "Ka duba ta da kyau dai?" Ko bawana ya daina ce mani, sai Alhaji, kuma ban taɓa jin zagin da ya kai wannan ciwo ba. A asibiti kuma Likita ta rage mani gaisuwa zuwa "ina kwana" ɗaya tak, ba gida ba gajiya. Shara ta dawo kaina. Na gane cewa akuya ba ta san mutum ya je Injamena ba.

Ranar da sakamakon ya iso ta ce in je in ɗauko shi. Ya sa wankakkiyar riga, wai in kora ce a kore shi da mutuncinsa. Ta karanta mana takardar a tsaye: nata da nasa duk sun ɗan ɗaga bisa na baya, amma ba su kusanci iyakar da ake tsoro ba. Abin da ya taimaka shi ne ba a cika yin hoton da yawa ba, kuma tana tsayawa nesa da bakin injin.

Tsoho ya nemi kujera ya zauna ba a ce mashi ya zauna ba. Ya ce, "Alhamdu lillahi," a hankali, sau uku. Sannan ya ce, "To Likita, na gode da zaman da aka yi."

Ta ce, "Ina za ka? Ba a share ɗakin awaki da kyau ba tun da ka tafi."

Na ce, "Likita, ina tsaye fa."

Ta ce, "Na gan ka, Alhaji."

Ta gindaya mashi sharuɗɗa. Makullin ɗakin hoto yana wurinta, ita ke buɗewa ita ke rufewa. Duk abin da ya ga bai dace ba a asibitin, ita zai tambaya, ba wani matafiyi ba. Kuma tunda tafin hannunsa ya fi idonta sanin tufa, duk ƙarshen wata zai shafa sabbin rigunan a rataye, tana tsaye, in ya ji ƙulli ko rami ya faɗa mata. Ya ce ya amince. Ya tambaya ko goge su da ɗanyen ƙyalle ya halatta, ta ce wannan ya halatta.

Ba a jima ba aka kawo wata tunkiya da babur ya buge. Sabbin rigunan sun iso kwana biyu kafin nan, Likita ta riga ta yi masu hoto sun fito fari tas. Ta buɗe ɗakin, ta saka tata, ta miƙa mashi tasa da bajinsa. Na taya shi ɗora tunkiyar bisa tebur, na tsaya ina gyara mata ƙafa, ina cewa a Agadas na ga yadda suke kwantar da raƙumi.

Tsoho ya ɗaure abin maƙogwaronsa, ya zura safar hannu, ya nuna mani ƙofa da haɓa.

Ya ce, "Fita, bawana. Za mu yi aiki."

Na fita, na ja masu ƙofar.